Farfesun da Na Juya

Daren Talata, Gashuwa

Alhamdu lillahi, 'yata Falmata ta haihu a Fatakwal, namiji, kuma sunana za a sa masa! Abu ɗaya ta roƙa a waya, farfesun tarwaɗa na uwarta.

Tun jiya muka zuba shi a injin da ɗana Bukar ya kawo, mai daskarar da abinci ya tsotse ruwansa, don kada ya lalace a hanya. Ni kuwa shekara arba'in ina shanya tattasai, ban taɓa barin shanya ban juya ba. Da azahar na kashe injin, na buɗe, na juya. Duk ya narke ya caɓe.

Matata Hajiya ta ce, "Malam, Bukar fa ya rubuta kada a buɗe. Ko ajin daren naku na koyon karatu bai kai nan ba?" Na karanta sarai, gardama ce kawai.

Motar da za ta kai saƙon ran Juma'a take tashi daga Nguru, injin kuma kwana da wuni yake so. Gwaji ɗaya ya rage mini. Na sauya man famfon injin da ya yi fari kamar nono, na goge robar ƙofar. Da asuba zan je bakin kogi neman kifi.

Makullin ɗakin injin na miƙa wa Hajiya. Na ce ko na roƙe ta, kada ta ba ni.