Lemun Tsamin da Na Goga wa Malam

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da hannuna kuma na rasa bakin faɗa. Ki yi haƙuri da rubutuna, bara na gama ajin yaƙi da jahilci a nan Kahu.

Bana Allah ya kira maigidana aikin hajji, a jirgin sama ma kuwa! Malamin allo ne. Gidanmu ya zama kamar gidan biki, ana soya nama ana daka dakuwa, tsofaffi na ta zuwa da saƙon addu'a. Ni kaina har rawa na taka a tsakar gida, yara na yi mini dariya.

To, aka ce ba mai shiga jirgi sai da wani kati rawaya mai shaidar an yi masa lambar rigakafin ciwon agana. Malam bai taɓa yi ba, duk zuwan masu lamba yana yawon karatu. Ya je asibitin Rano aka tsaga masa dantse, aka ce ya dawo bayan mako a ga ta kama, sannan a sa hannu a katin. Da ya dawo gida na ga wurin, sai tausayi ya kama ni. Mu a gidanmu, masu lamba na juya baya Inna za ta yanka lemun tsami ta murje mana wurin da toka, don kada ya kumbura. Haka na yi masa nan take, na ce maganin raɗaɗi ne. Har godiya ya yi mini, bawan Allah!

Mako ya cika, dantse sumul. Malamin asibiti ya ƙi sa hannu, ya ce a sake ran Alhamis. Motar alhazai kuwa saura kwana goma sha biyu ta tashi zuwa Kano. Shi ko Malam murna yake, yana nuna wa mutane dantse a zaure, wai jikinsa ya fi ƙarfin wuƙar Bature. Kuma ya ce in tanadi maganin nan nawa mai kyau don ran Alhamis. Wayyo ni!

Ga wadda ta fi. 'Ya'yana, Mato da Barira da babban yayansu, duk haka na yi musu shekara biyu a jere. Yanzu kuma ana raɗe-raɗin agana ta ɓulla wajen Durba. In na faɗa, ina zan sa fuskata? In na yi shiru, jirgi ya tashi ba Malam. Kuma wai me ya haɗa mutanen Makka da dantsen mijina?

Taki, Mai Yankan Lemo, Kahu ta Kibiya.

AMSA

'Yata, barka da arziki, Allah ya sa a je a sa'a. Na yi dariya har da hawaye a kan jikin Malam da ya fi ƙarfin wuƙa, amma maganarki ba ta wasa ba ce.

Ba zan zagi Innarki ba. A zamaninsu akwai masu ɗebo ruwan ƙurjin mai agana su tsaga wa lafiyayye, wani ya tashi, wani ya tafi ke nan. Uwar da ta ga haka dole ta ji tsoron wuƙa. Lambar yanzu daban ce. Wurin zai yi ƙurji, ya yi ƙaiƙayi, wataƙila da ɗan zazzaɓi, sannan ya bushe ya bar tabo. Ƙurjin nan da kike gudu shi ne shaidar magani ya shiga jiki.

Kin tambayi abin da ya haɗa Makka da dantsen mijinki. A ɗawafi kafaɗarsa za ta gogi ta mutumin ƙasar Hindu da ta mutumin Masar, kowa kuma gida zai koma wurin 'ya'yansa. Mutum ɗaya mai agana ya isa ya raba ta ƙasa goma. Shi ya sa ƙasashe suka yarda a kan kati iri ɗaya, kowa ya tsare ɗan'uwansa. Malamin asibitin da ya ƙi sa hannu gata ya yi muku.

Ki faɗa wa Malam yau, ba gobe ba, bayan ya ci tuwo, ku biyu kawai. Zai yi faɗa, ya fi jin kunyar cika bakin da ya yi a zaure, kuma zai huce, don ya san ƙauna ce ta sa ki. Ran Alhamis ku tafi Rano gaba ɗaya, yaran uku da ke kanki, tunda ke ma an murje taki. A bar wurin a bushe, ba lemo, ba toka, ba susa. In ta kama, ranar dubawa za a sa hannu, da sauran kwanaki kafin mota. Ki kuma raɗa wa matan unguwa, don na tabbata ba ke kaɗai ke da wuƙa da lemo ba.

Lemon da ya rage ki matse a kunun tarbar Alhaji. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo ya tarar da ku huɗu kowa da tabonsa a dantse.

Gwaggonki.