Faifai na Shida

Talata Mafara,
12 ga Satumba.

Zuwa ga maigidana abin alfaharina, Baban Amira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da aikin asibiti, da mutanen Maradun baki ɗaya. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu dai lafiya lau, sai kewarka. Tunda aka katse layin waya Amira kullum sai ta ɗauki wayata ta kara a kunne ta ba ka labarin makaranta. Na bar ta, don ni ma in babu kowa nakan duba ko sandar sabis ɗaya ta dawo.

Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi. Wata huɗu ke nan ɓarin dama bai motsa ba, magana kuma ko kalma ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ya rage cin abinci. Mutumin da duk ƙasar Bakura ta sani da Ɗanlami mai waƙar noma, yau ko ruwa yake so sai ya nuna da ido.

Ran Laraba Inna tana gyaran adakarta ta ci karo da faifan sidi guda shida naɗe a tsohon ɗankwali. Waɗanda aka ɗauka ne a wurin gayya shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin marigayi Nagode yana buga masa ganga. Muka sa ɗaya a tsohuwar rediyonka. Muryar na fitowa Baba ya ɗaga hannun hagu. Amma ba a yi minti biyu ba faifan ya fara in'ina, yana maimaita wuri ɗaya, sannan ya tsaya. Da na juya bayansu na ga duk sun karce, na shidan ma har ya fara ɓarewa a gefe. In suka lalace, Baban Amira, muryarsa ta tafi ke nan, don ba mu san wani mai irinsu ba.

Sai na yi gaggawa. Na ɗauko kwamfutar da nake koyarwa da ita, na kwashe faifai biyu da manhajar da ta zo a cikinta, ta mayar da su ƙananan MP3, na tura waya, na kai masa ina ta murna. Ya saurara kaɗan, sai ya juya fuska bango. Inna ta ce, “Ɗiyata, wagga ba gangar Nagode ta ba. Kamar ana kaɗa gwangwani.” Gaskiyarta. Nauyin gangar ya ɓace, ga wani ƙas-ƙas duk inda faifan ya karce. Na koma ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Ina neman izininka in je Sakkwato wurin ƙawata Zuhura, wadda ke aikin gyaran sauti a gidan rediyo. Can akwai intanet, kuma ta san abin. Kwana biyu kawai. Ka ba direban da ya kawo maka takardar nan amsa.

Ga dambun nama na saka maka. Ka ci da kanka, ban ce ka raba wa ma'aikata ba.

Matarka mai ƙaunarka,
Hidaya.

Talata Mafara,
26 ga Satumba.

Maigida,

Sallama irin ta addinin Musulunci a gare ka. Ina fata ka tashi lafiya, Allah ya ƙara tsare ku da hanyoyinku. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, sau na huɗu Amira ta ƙwace. Na gode da izini. Amma zancen da ka yi cewa waƙa waƙa ce ko a waya ko a faifai, ka jira ka dawo mu yi shi ido da ido.

Na je Sakkwato na dawo lafiya. Zuhura ta yi mini dariya da ta ji abin da na yi. Ta ce ƙaramin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya yi sauƙin ɗauka, ita kuma sifikar waya ba ta iya fitar da babbar ganga ko da an ba ta. Ta ce in adana su a FLAC, wanda yake cin wuri amma ba ya zubar da komai.

Ta ɗora mini manhajoji uku ta ce in gwada da kaina. Ta farko akwai sauri, minti huɗu ta gama faifai, sai dai in ta tarar da karcewa ta tsallake ta yi shiru kamar ba abin da ya faru. Ta biyu kyakkyawa ce, har da hotuna, amma ba ta motsi sai ta nemi intanet, ka ga a Mafara yanzu ba ta da amfani. Ta uku mummuna ce, duk rubutu da lambobi, ga nawa. Amma in ta zo wurin da ya lalace sai ta koma ta sake karantawa, sau goma, sau ashirin, har sai ta tabbata. In ya gagare ta kuma ta faɗa maka daidai inda ta kasa. Ita na zaɓa. Zuhura ta ce ta san ita zan ɗauka, wai halinmu ɗaya.

Na kuma zaɓi manhajar saurare wadda ba ta yin shiru tsakanin waƙa da waƙa, don ka san Baba yana shiga wata kafin ganga ta sauka daga wata. Na kashe duk wani ƙarin amo da ke cikinta. Zuhura ta ba ni aron manyan sifiku biyu da ake jonawa da kwamfuta.

Tunda na dawo aikina ke nan bayan makaranta. In goge faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, in saka, in zauna. Inna takan zo ta zauna kusa da ni tana tsintar wake, tana kallon layin da ke tafiya a fuskar kwamfuta tana yi masa addu'a. Guda biyar sun fita cif, ko ɗigo bai ɓace ba.

Na shida ne ya ba ni wuya. Awa biyar yana juyawa, wuta ta ɗauke, washegari na sake daga farko. A ƙarshe manhajar ta ce a waƙa ta huɗu akwai daƙiƙa tara da ba za su samu ba. Nan ne faifan ya ɓare. Zuhura ta riga ta nuna mini yadda ake yanke irin wannan wuri a haɗe bakin, ba mai ganewa. Na buɗe, na duba, na kasa. Ni wace ce da zan yanka waƙar surukina? Na bar shirun yadda yake.

Har yanzu ban kunna wa Baba ba. Tsoro nake ji kada ya sake juya mini baya. Ka sa ni a addu'a.

Taka har kullum,
Hidaya.

Talata Mafara,
1 ga Oktoba.

Baban Amira,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya jiki? Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, direba yana jira a ƙofar gida.

Jiya bayan la'asar muka fito da Baba tsakar gida, muka jingina shi da matashi. Na ajiye sifika ɗaya dama ɗaya hagu, na yi bisimilla na kunna. Da gangar Nagode ta sauka har ƙasa sai da ta amsa. Ana jin ihun manoma a baya, ana jin numfashin da Baba yake ja kafin ya ɗaga murya. Maƙwabta suka fara leƙowa, wasu sun ɗauka baƙi muka yi. Baba bai juya ba. Ya rufe ido, yatsunsa na hagu suna bin kiɗan a kan tabarma. Inna ta miƙa masa kunu ya shanye kofi guda bai ma lura ba.

Na yi niyyar tsayawa a na biyar, amma ya nuna kwamfutar da hannu, dole na sa na shida. Muka kai waƙa ta huɗu, muna matsowa wurin da ya ɓare. A cikin waƙar yana cewa, “Gero ya yi kai a Bakura, bayan Allah wa za mu gode ma?” Sai sauti ya ɗauke, gida ya yi tsit.

A cikin shirun nan muka ji murya. Ba daga sifika ba. Bakinsa a karkace, muryar a dishe, amma daidai kan kiɗa. Ka gafarce ni, dole in rubuta sunan Inna yadda ya faɗa. Cewa ya yi, “Sai Gimbiya, sai Gimbiya, mai tashe ni da sahe.” Yana rufe baki ganga ta dawo, ya faɗa cikinta kamar bai taɓa fita ba.

Amira ta yi ihu. Ni kuwa na rasa abin yi sai hawaye. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki da sauri. Na bi ta, na ce ashe ta san baitin da ya ɓace. Ta ce, “Ba haka yake ga faifai ba. Wurin nan mai gona yake yabo. Wanga yanzu ya yi shi.” Ta ce shekararsu arba'in da ɗaya da aure, bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba sai jiya.

Kada in sa maka rai fiye da kima. Maganar yau da kullum ba ta dawo ba, da safen nan ma da ido ya nemi ruwa. Kai ne ma'aikacin lafiya, kai za ka gaya mana abin da wannan yake nufi. Na dai kwafe waƙoƙin wuri uku, ɗaya na ajiye maka.

Inna ta kafa mini doka, ta ce kada in kuskura in sa wannan waƙa in akwai baƙi. Na ce to. Yau ko karin kumallo ba mu gama ba ta leƙa zaure, ta tura ƙofa, ta dawo tana gyara ɗankwali ba ta kalle ni ba, ta ce, “Babu kowa. Sa na shidan.”

Ka nemi hutu ko na kwana biyu ne ka zo ka ji da kunnenka. Baba da Inna da Amira suna gaishe ka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Ni ce matarka,
Hidaya.