Ayar da Ta Ɓace Mini a Magariba

Zugu, daren Laraba

Yau na kakare ina jan sallar Magariba, a surar da na haddace tun ina yaro! Ina tsakiyar karatu na ji ƙarar babura daga bakin daji, sai hankalina ya koma gida: yara sun shiga? An rufe ƙofa? Kafin ya dawo, ayar ta ɓace mini, sai da na baya suka tuna mini. Ashe 'yan kasuwa ne suka dawo daga Gummi.

Bayan sallama maƙwabcina Sambo ya ce, "Malam, tsufa ya zo ke nan?"

Har yanzu zuciyata tafasa take yi. Wane irin tsufa? Kai ɗaya gare ni, ba ya riƙe aya da tsoro lokaci guda. Kuma wai Sambo ne zai faɗa mini haka, shi da ya yi sallar a bakin ƙofa, takalmansa a gabansa, yana shirin gudu!