Kindirmon da Ya Kori Maganin Ƙanena

Zuwa ga Malam mai gabatar da shirin lafiya a rediyon garinmu, Sokodé.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ni ce Rabi mai atamfa a unguwar Komah, kuma ƙararka na kawo wurinka.

Na ɗaya. Ƙanena Isiyaku dillalin shanu ne a Dapaong. Yana da ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya yi ta ciniki ba barci, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki ya rufe ɗaki. Maganin asibiti ne ya riƙe mana shi.

Na biyu. A shirinka ka ce ana duba ko ƙananan halittu masu amfani, irin na cikin kindirmo, za su rage wa masu wannan ciwo baƙin ciki. Nan aka kira magariba, na kashe rediyo kamar kowa a Komah. Maƙwabciyata Kirista ce ta gaya mini daga baya cewa ka ƙara bayani: ƙari ne kawai a kan magani, kada kowa ya daina shan nasa. Malam, wa ka ajiye wa wannan? Kujeru?

Na uku. Laifina ban ɓoye ba: ko ɗankwalin salla ban cire ba na buga wa Innarmu Hajara waya can Dapaong, na ce rediyo ya ce kindirmo magani ne. Mu kuwa dangin masu shanu ne, in aka ce abu magani ne kowa da ƙwaryarsa yake zuwa dubiya. Gidan ya cika da nono har kajin maƙwabta suka yi ƙiba. Inna ta kwashe ƙwayoyin Isiyaku ta kulle a akwatinta.

Yanzu ya daina fita kasuwar shanu, ko wayata ba ya ɗauka. Tsoro nake ji ƙwarai. Likita ya yi magana, ni ma na janye tawa, Inna ta ce rediyo ne ya faɗa, rediyo ne zai warware.

Don Allah ka maimaita shirin, ka fara da gargaɗin tun ladan bai gyara murya ba. Ka kuma ce Inna Hajara ta buɗe akwati. Zan ɗauki muryarka a waya in hau motar Dapaong da ita da kaina.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa bakinka ya tashe mini ƙanena.

Wassalam.
Rabi, Komah.