Baba ya kama ni da fartanya

Asabar da dare, Kafanchan

Kashina ya bushe yau. Tun da Firinsifal ya ce shekarun sakandare ba sa dawowa, kowa ya shiga ƙungiya, na zaɓi ta Matasan Manoma, don su kaɗai ke gasa masara a bayan aji.

Da rana ina tsakiyar huɗa a gonar makaranta, ba riga, ina burge 'yan aji ɗaya, sai na ji tari a bayana. Baba ne, ya taso daga Fadan Kagoma da ƙullin gari. Ni da duk hutu nake ce masa likitan makaranta ya hana ɗalibi sunkuyo, wai jini yana sauka cikin ƙwaƙwalwa!

Ya dubi kunyar da na ja, ya dube ni.

"Bulus, kai ne ka yi wannan duka?"

Na ce e, Baba.

Ya cire hula. "Mun gode wa Ubangiji, ya warkar da kai. Gonan citta yana jiranka."

Da zai tafi har da yi wa malaminmu godiya. Da na sani ƙungiyar mawaƙa na shiga.