Balbela a Gonar Tumaki

Zuwa ga Turai, sanyin idona, fitilata a ƙasar nan da rana ke faɗuwa tun mutum bai naɗe sallayar la'asar ba, ke da muryarki ta fi mini shayi mai zafi a safiyar Disamba. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta hana shi jin ɗanɗanon abinci.

Yau Kirsimeti. Manchester ta yi tsit, ba bas, ba jirgin ƙasa, maƙwabtana sun kulle ƙofa suna fama da talotalonsu. Na rataya madubin hangen nesa na taka har bakin tafki, ni kaɗai. Agwagi suna nan sun takure a gefen da ruwa bai daskare ba, ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji ya sauko dab da takalmina yana roƙo. Amma me zan yi da tsuntsu, Turai, idan babu wadda zan yi wa raɗa in ce duba can? Wa zai ce mini na cika motsi? Ban daɗe ba na juyo gida.

Ke kika koya mini wannan hauka. Da can, a wurina tsuntsu abu biyu ne, ko a kore shi daga gero ko a harbo shi da danƙo. Kin tuna hutun Kirsimetin bara, da labari ya bazu cewa wani baƙon tsuntsu ya sauka a wata gona a bayan Birmingham? Kika sa na taso tun asuba na same ki a unguwarku ta Selly Oak, muka tafi hanci na zuba. Muka tarar da dattawan Turawa sun jeru a bakin shinge, kowa da kyamara mai tsawon taɓarya, ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Kika leƙa, kika miƙo mini madubin, kafaɗunki na rawa. Balbela ce! Balbelar da ke bin shanu a bayan mahautar Gusau, wadda ko yara ba sa ɗaga kai su kalla. Kika yi dariya har da hawaye, wata tsohuwa ta harare ki, da kika yi mata bayani sai ga shi ta zuba miki shayi tana roƙon ki koya mata sunan da Hausa.

A hanyar komawa kika ce tausayi ta ba ki, tana tsaye da ƙafa ɗaya a cikin daskararren taɓo tsakanin tumaki, kowa na ɗaukar hotonta, ba wanda ya damu ko tana jin sanyi. Ya ke mai taushin zuciya, ranar na san ba ni da sauran dabara a kanki.

Sai ga wannan shekara ta zo da wuƙarta. Aka ce babu kuɗi, aka rufe cibiyar yaran da kike aiki a Ladywood, bizarki kuwa da aikin aka ɗaure ta. Ni da nake da fasfon ƙasar nan na garzaya Sparkbrook wurin kawunki Ashafa na nemi aurenki, ina murna na zo da magani. Kika ce a'a. Kika ce ba za ki zauna a gidajen suna mata na zunɗenki da baki, ana cewa auren takarda kika yi ba. Wannan ban damu da shi ba, su yi ta faɗa. Abin da ya soke ni shi ne da kika ce ke kanki ba za ki taɓa sani ba, ko don ni kika amsa ko don tsoron komawa. Na yi fushi, na fita ko sallama babu. Ina son ki tun kafin a rufe wata cibiya, kin sani, Allah ma ya sani. To amma yaya zan nuna miki, alhali duk lokacin da na buɗe baki takardar ce ke riga ni magana?

Yanzu kawu ya ce bayan sabuwar shekara za ki tashi ki koma Gusau. Zuciyata ta yi nauyi, hasken raina, ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a bakin tafkin nan yau, kuma ba iska ce ta sa ni ba.

Ba zan roƙe ki ki zauna ba. Ki tafi. Da zarar na sami hutu a wurin aiki zan biyo ki, in ɗauko ƙannen mahaifina, mu zauna a kan tabarma a zauren babanki. A can fasfona ba ya sayen ko ƙosai. A can ni ba kowa ba ne, wani Halliru ne kawai da ya manta yadda ake jure zafi, ke kuwa kina gidanku ba kya neman komai a hannuna. A nan zan sake tambaya. Idan kuma kika ce zamanki a Gusau ne, to injiniya irina ba ya rasa abin gyara a Gusau.

Alfarma ɗaya nake nema: kada ki ba kowa amsa kafin in iso. Idan a can ma kika ce a'a, zan san ni ɗin ne ba kya so, in ɗauki abina in koma ba tare da na ga laifinki ba.

Naki a nan, naki a can, ba kuma zan zama na wata ba muddin ina numfashi,
Halliru