Littattafan da Aka Kulle a Kabad

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, tsayuwar wurin guga ce kawai ke kumbura min ƙafa.

Na ga hoton falonki. Haba Yaya! Littattafan lissafin da na aiko wa 'yata ne a kulle cikin kabad, ko ledarsu ba a cire ba? Malaminsu na sakandare ya ce kafin ya gama rubutu a allo ta gama aikin, sai ta zauna tana hamma. Shi ya sa na nemo mata masu wuya, ba don baƙi su sha kallo ba.

Allah ya saka miki da riƙonta. Amma ki ba ta makullin nan yau. Ranar da ta tsufar da su da karatu, ƙafata ta warke.

Ƙanwarki